Gyaran Muryar Mai Aski

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai askin nan ya san wata ɗabi'a tasa, ko da bai taɓa tsayawa ya lura da ita ba. Kafin ya kawo inji ko reza kusa da kunnenka, sai ya ɗan karkato ta gefen da zai taɓa, ya yi wani ƙaramin gyaran murya can ƙasan maƙogwaro, wanda da kaɗan ya fi numfashi. Dalilinsa mai sauƙi ne. Yaro in ƙarfe ya taɓa shi ba zato sai ya zabura, zabura a ƙarƙashin reza kuwa ita ke kawo jini da kuka da faɗan uwa. Shekara da shekaru yana yi har abin ya zame masa jiki. Iyaye kan tsallake wasu shagunan su kawo masa 'ya'yansu, suna cewa hannunsa na da sanyi. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya bar su a haka.

'Yarsa ta fari ta zo duniya da wasu idanu manya masu ƙyalli. Duk wanda ya karɓe ta sai ya ce dara-dara, har abin ya bi ta, aka gajarta shi ya koma Dara. Uban ya manna hotonta a gefen madubin shago, yana tare masu aski da labarin idanun ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Sai da ta fara ƙin haske, tana zubar da hawaye ba tare da kuka ba, sannan suka kai ta asibitin ido. A can likita ya gaya musu cewa girman nan da ake ta yabo ciwo ne. Hawan jinin ido ake ce masa: ruwan cikin ido ya rasa hanyar fita, sai ya taru ya danne jijiyar gani. Ya ce ganin daga gefe yake fara tafiya, a hankali, ba zafi ba alama, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Tana rarrafe aka yi mata aiki a idon dama. An dace, idon ya tsaya. Amma mai aski bai manta ranar ba. Ya ga an karɓe ta daga hannunsa an shige da ita, ya ga an fito da ita rabin fuska a naɗe, ta daɗe ba ta farka ba. Mutumin da kullum reza ke hannunsa, ranar sai da wata ma'aikaciya ta zaunar da shi ta ba shi ruwa. Tun daga nan ya ƙudurta a ransa, bai kuma gaya wa kowa ba, cewa wuƙa ba za ta ƙara kusantar fuskar yarinyar nan ba.

Yanzu Dara ta haura shekara huɗu, idon hagu ne abin dubawa. Ana ɗiga masa magani safe da yamma, uban ne ma ke ɗigawa, don a hannunsa kaɗai take yarda ta kwanta. Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce awon ruwan idon yana kan gaɓa, bai hau sosai ba bai kuma sauka ba, ga shi Dara ba ta tsayawa a auna ta sai an yi kokawa, awon kokawa kuwa ba abin dogaro ba ne. Saboda haka zai riƙa duba faɗin ganinta. In ganin gefe yana nan, a ci gaba da magani. In ya fara tsukewa, aiki ne, ba jira. Maman Dara malamar makaranta ce, safiyarta ba tata ba ce, shagon aski kuwa ba ya cika sai yamma. Sai kai yarinya asibiti ya faɗo a kan uban.

Manya da yaran da suka yi wayo, na'ura ake sa su, wata mai kama da babban kwano. Ka ɗora haɓarka, ka kafa ido a tsakiya, duk ɗigon hasken da ya ƙyafta maka a gefe ka danna maɓalli. An gwada Dara a kanta. Ta danna maɓallin har ta gaji, ta leƙa bayan na'urar ta ga wane ne ke kunna fitilar, daga ƙarshe ta ce fitsari take ji. Mai gwajin, wata mata mai fara'a da yara ke kira Anti, ta yi dariya ta ce a bar na'ura sai Dara ta girma, akwai hanyar ƙanana.

Hanyar ƙananan a wani ɗan ɗaki ake yin ta, mai kujeru biyu suna fuskantar juna, da labule mai kauri, da fankar sama da ke ƙara tana kaɗa kai. Sai a rufe wa yaro ido ɗaya da auduga da filasta. Anti ta zauna a gabansa da 'yar tsana a hannu, tana surutu da muryar 'yar tsanar don ya kafa mata ido. Wani kuma ya tsaya a bayan yaron da siririyar baƙar sanda mai farar ƙwallo a kanta, ya riƙa turo ta a hankali daga bayan kunne zuwa gaba, ta sama ko ta ƙasa, ta dama ko ta hagu. Anti idon yaron take kallo. Da zarar ya yi tsalle ya koma kan ƙwallon, sai ta sa alama a wani zanen da'ira da ke kan cinyarta. In alamun sun tsaya can baki-baki, gani na da faɗi. In sun matso tsakiya, ya tsuke.

Dara ta yarda da komai ban da abu ɗaya: baƙo ba zai tsaya mata a baya ba. Ma'aikacin da ya saba riƙe sandar yana zagayawa ta saki ihu. Sai Anti ta miƙa wa uban sandar tana tsokanarsa, ta ce ai tsayuwa a bayan mutane sana'arsa ce, shi ya kamata ma ya koya musu. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa, ya yi shiru. Ba magana, ba jan takalmi, kada ma inuwarsa ta faɗi gaban yarinyar.

Ranar Dara ta ba kowa sha'awa. Ƙwallon na isowa saitin gefen ido take waiwayowa. Likita ya duba zanen ya ce madalla, a ci gaba da magani, su dawo bayan 'yan watanni. Mai aski ya koma gida bakinsa har kunne, Maman Dara ta rungume yarinyar tana hawaye tana gode wa Allah. A yi masa adalci, ranar bai san ya yi komai ba.

A zuwa na biyu ne ya ji kansa. Yana turo ƙwallon ta hagu, tana isowa inda da inji ne zai taɓa fata, sai maƙogwaronsa ya yi abin da ya saba, kan Dara kuma ya juya nan take. Anti ba ta ji ba, tana can tana sa 'yar tsana waƙa, fanka na ta ƙararta a sama. Ya ce wa kansa bari ya gani. Da aka sake, ya danne maƙogwaron. Ƙwallon ta wuce inda Dara ta saba kama ta, ta ci gaba da tafiya, yarinyar na ta yi wa 'yar tsana dariya. Ya hango girar Anti ta fara haɗuwa, fensirinta ya tsaya a sama. Rabin fuskar nan a naɗe ya faɗo masa a rai.

Sai ya yi gyaran muryar, wannan karon da gangan.

Dara ta waiwayo. Anti ta ce wataƙila hankalinta ne ya tafi, yara haka suke in sun fara gajiya, a maimaita wannan. Aka maimaita, ya yi a kan lokaci, haka na gaba, haka na bayansa, har aka gama. Likita ya sake cewa madalla, har da yaba masa kan yadda yake kula da magani. Mai aski ya amsa da to, na gode, idonsa a kan takalmin likitan.

A gida ya ji matarsa na ba mahaifiyarta albishir a waya, tana cewa ai Baban Dara ya iya riƙon yarinya, in ba don shi ba da ba ta san yadda za ta yi ba. Kunya ta hana shi zama, ya tashi ya fita wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi. Ya yi ta kawo wa kansa hujja. Ƙila tana gani, gyaran muryar tuni ne kawai. Ƙila da gaske gajiya ce. Ai ana ɗiga magani, ai likita ma yana da sauran hanyoyinsa na ganewa. Hujjojin kan riƙe shi zuwa tsakar rana, daga nan su sake shi.

Don yanzu da ya sani, sai ya fara lura. Dara kan bugi bakin ƙofa da kafaɗar hagu. In an ajiye mata kofi ta wannan gefen sai ta yi ta nema, tana cewa ƙaninta ya ɗauke. In an kira ta, kai gaba ɗaya take juyowa. Uwar ta ce rawar kai ce, ta gaji gwaggonta, yarinya sai ka ce ana korarta. Ranar da ta yi tuntuɓe da bokiti ruwa ya malale a ɗaki, uwar ta ja mata kunne ta ce ba ta da ido ne, ai likita ma ya ce lafiyarta ƙalau. Dara ta yi kuka, shi kuwa yana zaune yana kallo. Abin da ya iya kawai shi ne ya bi gidan a ɓoye yana kawar da kaya. Ya mayar da 'yar kujera wancan lungun, ya ɗauke takalma daga hanya, ya riƙa ajiye mata kofi ta dama. Matar har ta tsokane shi, ta ce tsufa ya fara zuwa masa da son tsafta. Ya yi yaƙe, don a ransa ya san share sawu yake yi.

Da ranar komawa ta gabato, ya yanke shawara, irin wadda matsoraci kan yanke ya ɗauka jarumta ce. Ba zai faɗi komai ba, ba kuma zai yi komai ba. Zai riƙe sanda ya rufe bakinsa, gwaji ya nuna abin da zai nuna, a ɗauka sabon abu ne da ya faru tsakanin wancan zuwan da wannan. A yi aikin in za a yi, shi kuma ya fita da mutuncinsa. Har alewa ya jefa a baki a ƙofar asibiti, don maƙogwaron ya samu abin yi.

Aka rufe idon dama, Anti ta ɗaga 'yar tsana. Ya turo ƙwallon ta hagu, haƙoransa a datse. Ta wuce kunne, ta wuce kunci. Dara ba ta motsa ba, amma ta daina dariya, ta ɗan karkata kai irin na mai saurare. Sai ta yi magana, idonta na kan 'yar tsana kamar yadda aka ce mata.

"Baba, ka yi mana. Ina jira."

Anti ta sauke 'yar tsanar a hankali. "Ya yi me, Dara?"

Yarinyar ta kwaikwayi gyaran muryar tsaf, har da ɗan jan numfashin da ke gabansa. Ta yi bayani da alfahari, ta ce in Baba ya yi ta nan sai ta juya ta nan, in ya yi ta can sai ta juya ta can, sai Anti ta ce ta yi ƙoƙari. Ta ce yau mantawa ya yi.

Mai aski ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sandar na hannunsa a miƙe, ya rasa ma yadda ake sauke ta. Da Anti ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi, ya saba da faɗan iyaye mata a shago, ya san yadda ake sunkuyar da kai har ya wuce. Ba ta yi ba. Ta miƙe ta kashe fankar, ɗakin ya yi tsit, ta ba Dara 'yar tsanar ta ce ta yi mata kitso. Sannan ta matso kusa da shi ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, tun yaushe.

Yana iya cewa ɗabi'ar aiki ce, bai san yana yi ba, kuma rabin maganar gaskiya ne. Ya dubi ƙeyar Dara, ya haɗiye alewar da ƙyar.

"Na farko ban sani ba," ya ce. "Na biyu na sani."

Anti ta ce ita ma da nata laifin, da ta kashe fankar nan tun farko da ta ji, kuma bai kamata ta ba uba sanda don kawai yarinya ta yi kuka ba. Wannan ya fi komai ƙona shi, a ce baiwar Allah tana neman raba masa kayan da shi kaɗai ya ɗaura. Ta ce zane-zanen da likita ya dogara da su ya ɗage aiki yanzu ba su da amfani, kuma dole ta gaya masa dalili. Mai aski ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, ko abin da ya ragu a watannin nan zai dawo in an yi aikin. Ta ce wannan tambayar likita ce. Sannan ta ƙara da cewa ai likitan ya gaya musu tun ranar farko.

Gwaji dai dole a sake shi, yanzu, kafin Dara ta gaji. Aka kira ma'aikacin nan na da, ya cire takalmi ya karɓi sandar. Dara na ganin ya zagaya bayanta ta kwaɓe fuska, ta ce ita Babanta take so. Anti ta yi tunani kaɗan, ta nuna wa mai aski kujerarta, ita ta durƙusa a bayan kafaɗarsa inda za ta ga idon yarinyar.

"Kai ne 'yar tsanar yau," ta ce. "Ka yi mata hira ta kalle ka. Kada idonka ya bi ƙwallon, kada fuskarka ta gaya mata komai."

Duk zuwan da suka yi ƙeyarta kawai yake gani. Yau ga fuskar a gabansa, rabi a rufe da auduga, ga ido ɗayan nan babba ya kafe shi. Ya fara ba ta labarin wani mai gemu da ya yi barci ana masa aski, har ya yi minshari ya tsorata kansa.

Farar ƙwallon ta ɓullo daga bayan kunnenta. Bai kalle ta ba, amma yana ganinta sarai ta gefen idonsa, fara tas, tana tahowa. Wannan ganin da yake yi a banza, ba tare da ya nema ba, shi ne abin da ake nema a idon 'yarsa. Ƙwallon ta wuce kunci. Dara ba labarin take ji ba, fuskarsa take karantawa, tana duba bakinsa, tana duba girarsa, tana jiran Baba ya ba ta alama kamar kullum. Maƙogwaronsa ya yi ta ƙaiƙayi har hawaye suka taru masa. Ya riƙe. Ya ci gaba da labarin mai gemu yana murmushi, yarinyar na neman taimako a fuskarsa, shi kuma yana hana ta.

Sai da ƙwallon ta kusa saitin hancinta sannan idon ya yi tsalle.

"Ga ta nan," ta ce, ta kai hannu ta cafke. Fuskarta ta washe. "Baba, ba ka yi ba, amma na gani. Ni kaɗai na gani."

Ya ji ƙarar fensirin Anti a bayan kunnensa. Bai juya ba, amma ya san inda alamar ta sauka. Aka yi ta sama, aka yi ta ƙasa, labarin kusan ɗaya ne. Dara kuwa duk wadda ta kama sai ta dube shi tana jira ya ce ta iya, shi kuma ya ce ta iya.

Da aka gama Anti ta tattara zane-zanen, sabon da tsofaffin, ta ce kada su tafi, likita zai so ganinsu yau ɗin nan, kuma gara a kira mamanta, don in maganar aiki ce ba mutum ɗaya zai ji ta ba. Ta fita ta bar su. Dara ta hau cinyarsa tana ɓare filastar da kanta.

Ya ciro waya. Nan take matar ta ɗauka, hayaniyar 'yan makaranta a bayanta, muryarta cike da murna tun kafin ya buɗe baki. Ta ce tun safe take duba wayar, an sake cewa lafiya ko?

"Maman Dara, ki nemi izini ki zo," ya ce. "Likita na da magana. Amma in kin iso ki tsaya a bakin ƙofa ki kira ni. Akwai wadda za ki fara ji daga bakina kafin ki ji tasa."